Ta yaya za a auna bayanin kayan aikin da aka rubuta wa na'ura?

A watan Yunin 2023 kamfanin OpenAI ya ba masu rubuta manhaja damar jera wa ƙirƙirarriyar basira ayyukan da za ta iya kira da kanta: duba yanayin gari, binciko fayil, aika saƙo. Kowane aiki da sunansa, da ɗan bayani a kansa, da jerin abubuwan da za a cike kafin ya gudana. A Nuwamban 2024 Anthropic ya fito da MCP, wata ƙa'ida ta bai ɗaya don haɗa irin waɗannan kayan aiki da kowace manhaja. OpenAI ya rungume ta a Maris na 2025, Google ya biyo baya a Afrilu, daga nan kayan aiki suka yi ta fitowa da dubbai.

Abin da da yawa ba su lura da shi da wuri ba shi ne, wakilin, wato ƙirƙirarriyar basirar da aka ɗora wa aikin, ba ya ganin cikin manhajar ko kaɗan. Iyakarsa suna da bayani. Kamar sabon yaron shago ne da aka bari da buhuna a ɗinke, sai abin da aka rubuta a jikinsu. In rubutun ya ce "hatsi" kawai, to ranar da aka aiko sayen gero zai iya miƙa dawa.

Me ya sa bayanan da yawa suka fito a gurguje? Dalili na farko sabo ne. Mai rubuta manhaja ya saba ɗaukar bayani a matsayin ƙarin da ake yi bayan an gama ainihin aiki, kuma mai karanta shi ɗan'uwansa ne injiniya, wanda in bai gane ba zai buɗe manhajar ya duba, ko ya tambayi na kusa da shi. Sai kuma gaggawa. Kamfanoni da dama sun ɗauko tsofaffin takardun da suka rubuta wa mutane, suka sa na'ura ta mayar da kowace ƙofar shiga kayan aiki guda, sai ka ga abu talatin masu suna kusan iri ɗaya. Dalilin da ya fi nauyi a ganina shi ne, gurgun bayani ba ya faɗuwa a gwajin da aka saba yi. Manhaja na aiki lafiya lau, ba wata ƙararrawa da za ta kaɗa.

Illar tana bayyana ne can gaba. Wakili ya zaɓi abin da ba shi ba, ko ya cike kwanan wata a tsarin da ba a karɓa, ko ya yi ta maimaita kira ɗaya. Anthropic ya ba da labarin cewa lokacin da yake shirya samfurinsa Claude don jarrabawar SWE-bench, wakilin yakan ɓata da zarar ya bar babban kundin fayiloli, har sai da aka gyara kayan aikin ya riƙa neman cikakken adireshin fayil. Akwai kuma tsada, domin galibi duk bayanan ana loda su ne cikin abin da wakilin zai karanta tun kafin ya fara, suna cinye wurin da ya kamata aikin ya zauna. Shi ya sa shawarar "a tsawaita bayani" take da iyaka. Illar tsaro ma ta fi muni: a Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna cewa ana iya ɓoye umarni a cikin bayanin, mai amfani bai gani ba, wakilin kuwa ya karanta ya bi, har ya kwashi sirrin mutum ya miƙa.

Wannan ne ya haifar da yunƙurin auna inganci, kuma hanya biyu ake bi. Wasu suna da jerin tambayoyi: an faɗi abin da kayan aikin ke yi? An faɗi lokacin da bai dace a kira shi ba? An bayyana abin da zai dawo da shi? Sau da yawa wata manhajar ake sa wa ta karanta ta ba da maki. Hanyar tana da araha, tana kuma kama bayanin da aka yi wa layi ɗaya tal. Amma bayani yakan cika dukkan sharuɗɗa ya kuma yi ƙarya, musamman in an sauya manhajar aka manta da shi. Yakan yi kyau shi kaɗai, ya rikitar da wakili idan aka ajiye shi kusa da wani mai kama da shi.

Ɗaya hanyar ita ce ta gani ya kori ji: a ba wakilin ayyuka na gaske, a ƙirga sau nawa ya zaɓi daidai, kira nawa ya yi, ina ya yi tuntuɓe, a gyara jimla ɗaya a sake gwadawa. Jadawalin da Jami'ar California ta Berkeley ke fitarwa tun 2024 yana kwatanta manhajoji ne a kan kayan aiki iri ɗaya. Mai kayan aiki kuwa kishiyar haka yake buƙata, ya riƙe manhaja ɗaya ya riƙa sauya bayanin. Na fi amincewa da wannan hanya ta biyu, duk da cewa tana cin kuɗi da lokaci, kuma sakamakonta ba ya daɗewa: bayanin da ya yi wa Claude daidai ba lallai ya yi wa Gemini na Google ba, kuma duk sabon samfurin da ya fito sai an koma an maimaita gwajin.