Zane uku na ɗan Adam

Cikin aikina na gidan rediyo har da karanta sanarwa. Takardu iri uku suka fi zuwa hannuna: ta suna, ta ɗaurin aure da ta rasuwa, wani lokaci duk daga unguwa guda. Da na lura sai na ga kowace takarda da zanenta, kuma ku ƴan kasuwa ku ke saida su.

Na farko zanen goyo ne. Ran bakwai a yanka rago, liman ya raɗa suna, uwa ta goya jariri ta ɗaure da majanyi. Bai zaɓi launi ba, bai san kuɗinsa ba, cikinsa yake barci har yaye.

Na biyu zanen ƙarfi. Yarinyar da ke talla jiya, yau ita ake saya wa turmin atamfa na lefe. Yaron da ya fara da tebur ya kama shago, ya ɗinka shadda. Wannan kaɗai mutum ke tayawa da bakinsa, kuma yana yagewa. Dattawan Yamai ba su manta gobarar babbar kasuwa ta 1982 ba, sai 1987 aka buɗe sabuwa. A Janairun 1994 darajar sefa ta faɗi da rabi dare ɗaya. Wasu sun ɗinke ɓarakar sun ci gaba, wasu ba su sake kasa kaya ba.

Na uku farin yadi ne, ba ado, ba aljihu. Mai shi ba ya zuwa kasuwa ranar, wani ke biya, wani ke naɗe shi. Kafin a kai shi makwanci akan tambaya: akwai mai bin shi bashi? Nan fa tiyar da aka rage wa mai sayen hatsi, da zubin adashin da aka ci aka ƙi biya, suke tsayawa bakin ƙofa.

To Hajiya, to Alhaji, na farko da na ƙarshe ba a hannunmu suke ba. Na tsakiya ne namu. Wanda ya san ana bin shi ko dala ce, ya biya tun kasuwa na ci. Allah ya sa mu cika da kyau da imani, amin.