Kalmar Ingilishi "integrity": Ma'anarta da Yadda Ake Amfani da Ita

Ɗalibai da dama, idan aka ba su kalmar "integrity" su fassara, sai su rubuta "gaskiya" su wuce. Ba a ce sun kauce ba, amma fassarar ba ta cika ba. Mai faɗin gaskiya "honest" ake ce masa. Ita kuwa "integrity" hali ne na mutumin da ba ya cin hanci, ba ya cin amana, kuma ba ya sauya matsayinsa don tsoro ko kwaɗayi, ko da kuwa babu mai ganinsa.

Asalin kalmar zai taimaka. Daga Latin ta fito, daga "integer", wato cikakken abu wanda ba a taɓa ba: "in-" ɗafi ne na korewa, saiwar kuma ita ce ta "tangere", taɓawa. Kishiyarta "corruption" ta samo asali daga "rumpere", karyawa. Ke nan a tunanin masu harshen, mai cin hanci karyayye ne, wanda ya ƙi kuwa yana nan ɗungurungum.

Ta fuskar nahawu, suna ne da ba a ƙirgawa. Ba a cewa "an integrity", kuma ba kasafai ake jam'inta shi ba. A nan ne waɗanda suka yi karatu da Faransanci suke tuntuɓe, domin Faransanci yana da sifa "intègre", kamar yadda ake fassara sunan da Thomas Sankara ya raɗa wa ƙasarsa a 1984, Burkina Faso, da "pays des hommes intègres". Ingilishin yau da kullum ba shi da irin wannan sifa. "Integral" da "integrated" wani abu daban suke nufi, saboda haka sai a ce "a man of integrity".

To, wace kalmar Hausa ce ta fi dacewa? A nazarinsa kan mutumin kirki wanda aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya kawo halaye 10, cikinsu har da gaskiya da amana da mutunci da adalci. A ganina "integrity" ta ratsa huɗun nan duka, shi ya sa kalma guda ba ta ɗauke ta. In ana maganar ma'aji ko ma'aikacin kwastan, "riƙon amana" ya fi zama daidai. In alƙali ne, a ce "gaskiya da adalci". "Mutunci" kuwa a yi hattara da shi, don ya fi karkata ga darajar da mutum yake da ita a idon jama'a.

Akwai kuma inda tsohuwar ma'anar nan ta cika take nan daram. A sashe na 2 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1945 an ambaci "territorial integrity". Babu zancen hanci a nan, nufi shi ne ƙasa ta zauna yadda take ba a yanki wani ɓangare nata ba, kuma haka ya kamata a fassara shi.