Waƙa a Bakin Mai Ita Ta Fi Daɗi

Da zarar an gama girbi, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai ƙungiyoyin mawaƙa na ekklesiyoyinmu su shiga shirin Kirsimati. Kowace yamma a ji muryoyi suna tashi daga majami'a. Waɗansu ƙungiyoyi waƙa kaɗai suke shiryawa. Waɗansu kuwa sukan haɗa waƙa da wasan kwaikwayo, a ga Maryamu da Yusufu, da makiyaya da sandunansu, da Sarki Hirudus da ƙaton rawaninsa. Jama'a suna son wannan ƙwarai, gama gani ya kori ji. Har maƙwabtanmu da ba su saba shiga majami'a ba sukan zo su leƙa ta taga.

To, da yake idanu masu yawa suna kanmu a wannan dare, ya kamata mu tambayi kanmu. Wanda ya kalli wasanmu ya koma gida, me ya tafi da shi? Labarin Mai Ceto, ko kuwa dariya da kallon tufafi? Domin mu sami abin da za mu gwada namu da shi, bari mu duba wani wasan Kirsimati da 'yan'uwanmu baƙar fata na Amurka suke yi yau fiye da shekara 60.

Wanda Ya Rubuta Wasan

Sunan wasan Black Nativity, wato labarin haihuwar Yesu a bakin baƙar fata. Wanda ya rubuta shi Langston Hughes ne, wani shahararren marubucin waƙoƙi daga zuriyar mutanen da aka kwashe daga Afirka aka kai su bauta. Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce a gare shi. A shekarar 1923 ya yi aiki a wani jirgin ruwa da ya zaga gaɓar Afirka ta Yamma. Ya yi karatu a Jami'ar Lincoln, inda Dokta Nnamdi Azikiwe shi ma ya yi, ya kuwa zo Legas a watan Nuwamba 1960 sa'ad da aka rantsar da Azikiwe ya zama Gwamna-Janar. Ya rasu a 1967.

Hughes ba fasto ba ne, ba kuwa mai wa'azi ba. Amma yana ƙaunar waƙoƙin bishara na ekklesiyoyin baƙar fata, irin waɗanda ake yi da tafi, mai ba da waƙa yana bayarwa jama'a suna amsawa. Ya ga waɗannan waƙoƙi sun isa su ɗauki labarin Baitalami.

An fara nuna wasan a wani ƙaramin gidan wasa a birnin Niyu Yok ran 11 ga Disamba 1961. Wata mace, Vinnette Carroll, ita ta shirya 'yan wasan. Manyan mawaƙan kuwa su ne Marion Williams da Alex Bradford tare da ƙungiyoyinsu, dukansu a waƙar majami'a suka tashi. Sunan wasan ma sai da ya jawo gardama, gama a lokacin mutane da yawa suna ɗaukan kalmar baƙi kamar zagi, har waɗansu 'yan rawa biyu suka janye. Duk da haka wasan ya karɓu. A 1962 aka kai shi Italiya da Ingila.

Yadda Aka Tsara Shi

Hughes ya raba wasan kashi biyu. A kashi na fari akwai mai ba da labari, yana bin abin da Luka ya rubuta. Ya faɗi kaɗan, sai mawaƙa su ɗauka da waƙa. Maryamu da Yusufu ba su magana. Da tafiyarsu da motsin jikinsu suke nuna gajiyar hanya, da neman masauki, da rashin samunsa. A kashi na biyu sai a bar Baitalami a komo zamanin yanzu, dakalin wasan ya zama kamar taron farkawa, ana waƙoƙin shaida da godiya saboda Ɗan da aka haifa.

Inda wasan ya yi saiwa sosai shi ne birnin Boston. A can wata malama mai suna Elma Lewis ta buɗe makaranta a unguwar Roxbury a 1950, tana koya wa yaran unguwa waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. A 1968 ta kafa cibiyar masu fasaha baƙar fata, daga 1970 kuma cibiyar ta mai da wannan wasa al'adarta ta Kirsimati. Malam John Andrew Ross shi ya bi da mawaƙan shekaru masu yawa. Elma Lewis ta rasu a 2004, Ross kuma a 2006, amma wasan bai mutu da su ba. Dalili kuwa shi ne tun farko na jama'a ne. Yara da manya na unguwa su ne mawaƙan. Akwai waɗanda suka shiga suna ƙanana, suka girma a ciki, suka kawo 'ya'yansu.

Ga yadda suke farawa. Akan kashe fitilu, ɗaki ya yi duhu. Sai mawaƙa su shigo a jere, ba takalmi, kowa da farar riga da ɗan haske a hannu, suna rera wata tsohuwar waƙar kakanninsu mai kiran mutane su baza labarin haihuwar Yesu. Ba a cika dakalin da kayan ado. Sa'ad da lokacin haihuwa ya yi, sai gangunan Afirka su ɗauka da ƙarfi, mai kwaikwayon Maryamu ta nuna naƙuda da rawa. Daga nan a ɗaga jariri na gaske, jama'a su gan shi.

Abin da Gangar Take Faɗi

Mai karatu zai ce, ganga ai ba wani abu ba ce, kullum muna jinta. Amma ga waɗannan mutane tana da tarihi. A 1739 waɗansu bayi suka yi tawaye a yankin Karolina ta Kudu. A 1740 masu mulkin wurin suka kafa doka, suka hana bayi riƙe ganga da ƙaho, domin tsoron kada su kira juna da su. Dokar nan kuma ta hana a koya wa bawa rubutu. Ba a kawar da bauta a dukan Amurka ba sai 1865.

Mutanen da aka hana wa ganga da alƙalami, sai murya da tafi suka rage musu. A cikin waƙa suka ajiye labarin Musa, da na Daniyel, da na Yesu, suka koya wa 'ya'yansu. Saboda haka in jikokinsu suka buga ganga domin su sanar da haihuwar Almasihu, suna shaida ne cewa Ɗan nan nasu ne su ma, sun kuwa isa su yi masa maraba da abin da Allah ya ba su. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Wannan shi ne ƙarfin wasan, shi ne kuma abin da za mu koya.

Mu Ma da Muryarmu

Muna godiya saboda waƙoƙin Kirsimati da aka juya mana daga Turanci. Iyayenmu sun rera su, mu ma ba za mu yar da su ba. Amma kowane malamin waƙa ya sani Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya. Kukan yaro dabam, kukar miya dabam, murya ce take raba su. In aka ɗora kalmomin Hausa a kan karin da aka tsara domin wani harshe, wani lokaci karin yakan ja kalma inda ba ta so, tsohuwa a bayan majami'a ta kasa gane abin da ake faɗi.

A zamanin da, waɗansu masu bishara sun yi ɗari-ɗari da ganga, don sun ga ana kaɗa ta a wurin bori da tsafi. Amma Zumuntar Mata sun daɗe da nuna mana hanya. Da tulu da caki da tafi, da waƙar bayarwa da amshi, sun sa labaran Littafi Mai Tsarki a bakin matan da ba su taɓa shiga aji ba. Ƙungiyar da take shirin wasan Kirsimati ta je wurinsu ta roƙi taimako. A kowace ekklesiya akwai wanda Allah ya ba baiwar ƙaga waƙa. A ba shi sura 2 ta Luka tun watan Oktoba, a ce ya yi wa makiyaya waƙa da karin gida. In jama'ar wurin suna da harshensu ban da Hausa, a sa waƙa ɗaya ko biyu da shi.

A Tsaya a Kan Littafi

'Yancin yin waƙa da muryarmu bai ba mu 'yancin sāke labarin ba. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, ba mu da hujja. Labarin haihuwar yana cikin Luka sura 1 da 2, da Matiyu sura 1 da 2. Masu shirya wasa su zauna su karanta waɗannan surori 4 tare kafin a raba wa kowa aikinsa.

Za su tarar da abubuwan da za su ba su mamaki. Matiyu bai ce masanan da suka zo daga gabas su 3 ne ba, bai kuwa kira su sarakuna ba. Kyautai ne ya lasafta guda 3, zinariya da lubban da mur. A cikin gida suka sami Yaron, makiyaya ne suka same shi a komin dabbobi. Luka bai ambaci jaki ba, bai kuma ambaci wani mai masauki da ya kore su ba. Ba laifi ba ne a sa jaki a wasa. Amma mu da muke koyarwa a makarantun ekklesiya mun sani, abin da yaro ya gani a wasa shi yake kawowa a jarrabawa, shi kuma zai riƙe har tsufansa. Saboda haka mai ba da labari ya karanta daga Littafin kansa, a hankali, da murya mai ƙarfi, domin jama'a su bambanta abin da aka rubuta da abin da aka ƙara.

Sai batun Hirudus. A wurare da yawa shi ne gwanin dare. Ya shigo da tumbin tsumma, yana tangaɗi, yana zazzare ido, dogarai suna faɗuwa, majami'a ta kece da dariya har minti 20. Haihuwar kanta kuwa a gama ta cikin minti 2. Dariya ba zunubi ba ce, Kirsimati kuwa lokacin murna ne. Amma mu tuna Hirudus shi ne ya sa aka karkashe 'yan yara maza na Baitalami daga mai shekara 2 zuwa ƙasa. A cikin masu kallonmu akwai iyayen da suka binne 'ya'ya, akwai waɗanda tashin hankali ya raba da garuruwansu kamar yadda Yusufu ya gudu da iyalinsa zuwa Masar. In aka nuna wannan da natsuwa, za su gane Mai Ceto ya san irin wahalarsu tun yana cikin zanen goyo.

Kowa Ya Sami Wuri

Farar riga da ƙafa ba takalmi na mawaƙan Boston suna da amfani guda da ya kamata mu lura da shi: ba mai iya gane ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. A wurinmu sau da yawa ƙungiya takan fitar da anko mai tsada, wanda ba shi da hali ya ji kunya ya daina zuwa koyon waƙa. Wannan hasara ce. Waɗanda mala'ika ya fara kai wa albishir makiyaya ne masu kwana a daji. Kayan wasa kuwa duk suna cikin gidajenmu: zane, da bargo, da sanda, da ƙwarya, da buzu, da fitilar ƙwai.

Haka kuma wajen rabon aiki. Kada ya zama kowace shekara 'yar fasto ce Maryamu, ɗan dattijon ekklesiya ne Yusufu. A duba marayu, da baƙin da suka zo kwanan nan, da yaron nan mai jin kunya wanda yake zama a baya. Wanda ba shi da murya ya riƙe fitila, ko ya gyara dakali. Tsofaffi su koya wa yara kari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukan jinka. Mai bi da ƙungiya kuma ya lura a tashi daga koyo da wuri, a raka 'yan mata gida, a kuma yi hankali da kyandir, gama da hunturu ciyawa da jinka a bushe suke.

Kada a Tsaya a Komin Dabbobi

Abu na ƙarshe shi ne kashi na biyu na wasan Hughes, inda labarin ya bar Baitalami ya shigo cikin jama'ar yau. Luka ya nuna makiyayan ba su yi shiru ba bayan sun ga Jaririn. Sun ba da labari, sun koma bakin aikinsu suna yabon Allah. Wasan da ya ƙare da tafi kawai, an bar shi a rabi.

Bayan an nuna haihuwar, a ba mutum ɗaya ko biyu dama su faɗi a taƙaice abin da Ubangiji ya yi musu a wannan shekara. A rufe da waƙar da kowa ya sani, masu kallo su zama mawaƙa. Kashegari ƙungiyar ta ɗauki waƙoƙin nan ta kai wa marasa lafiya a asibiti, da tsofaffin da ba su iya fitowa, da 'yan kurkuku in hukuma ta yarda. Sa'ad da muke aika wa maƙwabtanmu Musulmi da abincin Kirsimati kamar yadda muka saba, mu gayyace su da ladabi su zo su gani.

Ya ku shugabannin mawaƙa, da iyaye, da malaman Makarantar Lahadi, ba sai muna da babban gidan wasa irin na Amurka ba. Muna da labarin, muna da ganga, muna da murya, muna da yara. Mu fara shiri da wuri, mu fara da addu'a. Allah ya sa duk wanda ya leƙo ta taga a wannan shekara ya koma gida da labarin Mai Ceto. Ubangiji ya ba mu Kirsimati mai albarka. Amin.