Rage ƙiba a Badarawa: me ya sa nauyin ke dawowa?

A Badarawa ta Kaduna, kamar maƙwabtanta Malali da Unguwan Dosa da Kawo, maganar rage ƙiba ta fito daga ɗakin likita ta shiga gidajen biki da zaurukan WhatsApp na mata. A da, in aka ce wa matar aure "kin yi ƙiba", mijinta ake yabo. In namiji ya ajiye tumbi sai a ce kuɗi sun zauna. Wannan kallon bai gushe ba, domin har yau akwai 'yan matan da ke neman ƙwayoyin sha-ka-fashe gabanin aure. Amma wani sabon yayi ya taso a gefensa: shayin rage tumbi, jadawalin kwana talatin, ƙaurace wa tuwo da shinkafa gaba ɗaya, ruwan ɗumi da lemon tsami da sassafe. Mutum ya yi wata guda yana shan wuya, ya sauke kilo biyar, a yi ta yi masa barka. Bayan wata shida kuma, kayan da ya kai wa tela aka rage masa sun ƙi shiga.

Damuwar tana da tushe. Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiyarsu ya nuna cewa a 2008 kashi 22 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima. A 2013 adadin ya kai kashi 25, a 2018 kuma kashi 28. A birane abin ya fi haka, don ya haura kashi ɗaya bisa uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a doron ƙasa yana fama da matsananciyar ƙiba. Abin da ke biyo baya kuwa duk wanda ya taɓa raka dattijo asibitin koyarwa na Barau Dikko ya gan shi a layin masu hawan jini da ciwon sukari, ga ciwon gwiwa da ke sa mace 'yar shekara arba'in da biyar sallah a zaune.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Kakanninmu sun ci tuwo fiye da yadda muke ci, amma sun yi daka, sun yi surfe, sun ja guga, sun taka zuwa gona. Yau injin niƙa ya karɓe aikin turmi, Keke Napep yana ɗaukar mutum daga bakin layi ya dire shi a ƙofar kasuwa, ma'aikaci kuma yana wuni a kujera. Abincin ma ya sauya. Gero da dawa sun ja baya, farar shinkafa da burodi da taliyar leda sun shigo gaba. Ka tsaya teburin mai shayi da dare ka lura da abin da ke shiga kofi guda: madara, garin cakulan, sukari cokali uku ko huɗu, ga rabin burodi da aka shafe da bota, ga indomi biyu da ƙwai suna soyuwa cikin mai. Mai wannan odar yakan koma gida ya tarar da tuwonsa a rufe, kuma ba zai bar shi ba, don kada uwargida ta ce an raina girkinta. Lemon kwalba kuwa ya zama abin tarbar baƙo. Kwalbar rabin lita kan ɗauki sukari wajen giram 50, wanda shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya sha a yini guda, daga kowane irin abinci.

To, me ya sa tsauraran tsare-tsaren nan ba sa ɗorewa? Mutane sukan ɗora laifin kan rashin juriya. Ina ganin wannan zalunci ne ga masu ƙoƙari, domin jiki da kansa yana yaƙar rama ta gaggawa. A 2011 masu bincike a Jami'ar Melbon ta Ostireliya suka sa mutum 50 a kan abinci ɗan kaɗan na mako goma. Sun rame sosai. Amma shekara guda bayan haka, sinadarin da ke tada yunwa yana nan sama da yadda yake tun farko, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi kuma yana ƙasa. Wato mutumin da ya rame da ƙarfin tsiya ya fi jin yunwa fiye da lokacin da yake da ƙibarsa, kuma ba na kwana biyu ba.

Akwai wani binciken da ya fi wannan tada hankali. Kevin Hall da abokan aikinsa a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka sun bi diddigin mutum 14 da suka shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin. A lokacin gasar kowannensu ya sauke kimanin kilo 58 a matsakaicin lissafi. Bayan shekara shida, kamar yadda aka wallafa a 2016, kusan kilo 41 sun dawo, kuma jikinsu yana ƙona abinci ƙasa da yadda ya kamata da wajen kalori 500 a kowace rana. Jikin ya ɗauki abin da aka yi masa a matsayin fari, sai ya koyi tattali, kamar magidancin da ya taɓa ganin rumbunsa ya ƙare tun kafin damina. Tun a 2007 Traci Mann ta Jami'ar Kalifoniya ta tattara bincike masu dogon zango, ta gano cewa tsakanin kashi ɗaya zuwa biyu bisa uku na masu irin wannan tsari sukan mayar da fiye da abin da suka sauke.

Wannan bayanin na jiki ne, kuma ya shafi kowa a duniya. Akwai kuma wanda ya shafe mu musamman, wanda jadawalin da ake turowa ta waya ba ya la'akari da shi. Mu tukunya ɗaya muke ci. Matar da ta ce ta daina tuwo ita ce za ta tuƙa shi ga mutum goma, ta kwashe, ta raba, sannan ta koma gefe da kokwamba da dafaffen ƙwai. Kwana nawa za ta yi a haka? Surukarta za ta dube ta ta ce, "Maman Abba, lafiya kuwa? Ko wani abu ke damunki?" A gidan suna za a tura mata faranti a ce, "Haba Hajiya, ko loma ɗaya ai kya taɓa." Ƙin cin abincin mutane a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne. Ga kuma kuɗi: tsarin da ya ce a ci nama da kifi da tufa kullum an tsara shi ne don wani aljihu daban. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 farashin abinci ya yi tashin gwauron zabi, har hauhawarsa ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Ba gida da yawa ne za su iya ɗora tukunya biyu ba.

Shayin rage tumbi kuwa, da yawansa ganyen filasko ne ko wani abin da ke sa gudawa da yawan fitsari. Abin da ma'auni ke nunawa ruwa ne ya fita, kitse yana nan. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda da ya ɗore a kansa yana jefa kansa cikin haɗari. Ko sabbin alluran rage ƙiba da masu hali ke saye, waɗanda aikinsu tabbatacce ne, wani bincike na 2022 ya nuna cewa shekara guda bayan daina su kusan kashi biyu bisa uku na nauyin ya dawo.

Mu da muke azumi muna da hujja a gida. Kowace shekara mutane sukan fito daga Ramadan sun ɗan faɗa, bincike da dama kuma sun auna ramar da kilo ɗaya da 'yan kai. Makonni kaɗan bayan sallah sai ta cike. Wata guda na kamewa bai isa ya rinjayi wata goma sha ɗaya na al'ada ba. Wasu ma ƙiba suke ƙarawa, saboda ƙosai da soyayyen dankali da kunun da aka cika wa sukari a lokacin buɗa-baki.

Abin da ke ɗorewa ba shi da armashin talla. A Amurka an yi wani babban gwaji da mutum 3,234 da ke bakin kamuwa da ciwon sukari, aka fitar da sakamakonsa a 2002. Ba a hana su wani nau'in abinci kacokan ba. An nemi rukuni guda daga cikinsu su rage mai da yawan abin da suke ci, su sauke kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su riƙa motsa jiki minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin ɗari, alhali waɗanda aka ba maganin metformin tasu ta ragu da kashi 31. Kashi 7 ga mai kilo 90 bai wuce kilo shida da ɗoriya ba. Ba za a gane shi a hoton biki ba, amma jini da gwiwa za su shaida. Haka kuma rajistar da Rena Wing da James Hill suka buɗe a 1994, ta mutanen da suka rame kuma ramar ta zauna shekaru, ta nuna cewa yawancinsu suna karya kumallo kullum, suna hawa ma'auni a kai a kai, suna tafiyar ƙafa sosai.

In aka kawo wannan cikin madafin Badarawa, wurin farawa shi ne galan ɗin mai. Ka lura da yadda ake soya miyar dage-dage: a tuttula mai ba awo har sai ya taso ya rufe tumatir, a zuba a kan shinkafa yana malala gefen faranti. Cokali guda na mai, na gyaɗa ne ko manja, yana ɗauke da kalori wajen 120. Uwargidan da ta koma auna mai da ludayi, ta rage kashi ɗaya bisa uku, ta sauya abincin mutum goma ba tare da kowa ya ji an hana shi komai ba, kuma galan ɗin zai ƙara kwanaki. Malmala biyu ta koma ɗaya da rabi, miyar kuka ko kuɓewa ko taushe ta ƙaru. Shinkafa ta riƙa zuwa da wake. Zoɓo da kunun zaƙi a rage musu sukari sannu a hankali har harshe ya saba. Tuwon dare a ci shi bayan magariba maimakon ƙarfe goma.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yawancin abin da likitoci ke so a koma wa namu ne tun asali, mu muka yi masa kallon abincin talaka. Faten tsaki da aka cika wa rama da yakuwa, wanda ƙasar Zazzau ta shahara da shi, kwaɗon zogale, dambu, ɗanwake in ba a nutsar da shi cikin mai ba, tuwon dawa da na gero, acca da ake nomawa a kudancin jihar nan, fura da nono ba tare da an ɗura mata sukari ba. Duk suna riƙe ciki fiye da burodi da taliya, kuma ana samun kayansu a kasuwar Kawo ranar Talata. Yalo da gwaiba da kankana a lokacinsu ba su kai kuɗin lemon kwalba ba. Koyarwar addini ta raba ciki uku, abinci da ruwa da numfashi, kowane ɗalibin Islamiyya ya san ta. Aiki da ita a gaban tire ne ya yi ƙaranci.

Sai dai wannan hanyar ma tana da nata nauyin, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Tana da jinkiri. Wani bincike da Phillippa Lally ta jagoranta a Landan ya gano cewa sabuwar ɗabi'a kan ɗauki kwana 66 a matsakaici kafin ta zama jiki, wasu kuma har fiye da kwana 250. Amaryar da saura wata biyu a ɗaura mata aure ba za ta saurari wannan ba. Sannan mai matsananciyar ƙiba, ko mai shan maganin sukari, gyaran tukunya kaɗai ba zai wadatar da shi ba. Yana buƙatar likita, domin rage abinci ba tare da daidaita magani ba yana iya sa sukarin jini ya faɗi warwas. Mai ciki da mai shayarwa su ma ba nasu ba ne rage ci.

Akwai kuma yara. Binciken 2018 ɗin nan ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa sun haura rabi. Ana iya samun uwa mai ƙiba da yaro mai tamowa a gida ɗaya. Saboda haka gyaran da ake magana a kansa na inganci ne: a rage mai da sukari a farantin manya, ƙwai da wake da gyaɗa su ƙaru a kwanon yara.

Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, amma tsadar kaya ta haɗiye shi, ba wanda ya fasa saye saboda naira biyar a kwalba. Wurin motsa jiki ma matsala ce. Maza sukan fita dandalin Murtala da safiyar Asabar, amma matar da ke cikin lungun Badarawa ba ta da filin da za ta taka a natse, sai dai tsakar gida ko hanyar Islamiyya tare da maƙwabta. A nan ne maigida ke da rawar takawa, domin shi ke cefane, shi ke shigowa da katan ɗin lemo, shi ne kuma zai fara cewa miya ba ta ji mai ba. Maigidan da ya yarda aka auna mai, ya bar teburin mai shayi zuwa sau biyu a mako, ya raka iyalinsa tattaki bayan asuba, matarsa ba ta buƙatar tukunya ta biyu.