Masifa da Bala'i

Idan aka ce wa Bahaushe ya bambanta masifa da bala'i, da wuya ya yi saurin amsawa, domin a bakinsa kusan tagwaye ne. Allah ya kiyaye mu daga masifa da bala'i, haka ake jera su a addu'a, ba a tsaya tambayar wacce ta fi wacce nauyi ba. Dukkansu daga Larabci suka shigo, dukkansu sun daɗe a gidan Hausa har sun manta da cewa baƙi ne. Sai dai zaman da kowacce ta yi ya bambanta.

A asali, masifa daga kalmar Larabci musiba ta fito, wato abin da ya sami mutum, kamar yadda kibiya kan sami abin da aka harba. Bala'i kuwa asalinsa gwaji ne, jarrabawa, kuma malamai kan tunatar cewa a Larabci ana gwada bawa da alheri kamar yadda ake gwada shi da sharri. Wannan ɓangare na alheri bai tsallako zuwa Hausa ba. Babu wanda zai yi wa mai sabuwar mota barka da bala'i.

Abin sha'awa shi ne yadda Hausa ta raba musiba gida biyu. Ta ajiye musiba yadda take domin zaman makoki da wa'azi, inda ake sassauta murya. Ta kuma murɗe ta ta zama masifa, ta sake ta cikin tsakar gida da tasha da kasuwa. A nan masifa ta zama hali. Uwar miji ta rufe sarakuwarta da masifa, kwandasta ya yi ta masifa a kan canjin naira hamsin, yaro ya ce kada a gaya wa Baba, zai yi masifa. Har 'ya'ya ta haifa: masifaffe da masifaffiya, masifaffu kuma idan sun taru. Kalmar da ake nufin mutuwa da gobara da ita, ita ce dai ake nufin faɗan kishiyoyi da ita, kuma ba a taɓa jin wani ya rikice ba.

Shi ma bala'i ya taɓa wannan hanya, tunda ana cewa ɗan bala'i, ana cewa ta yi masa bala'i. Amma ƙafarsa ɗaya tana sama. Bala'i sauka yake yi. Fari, fara, yaƙi, ambaliya, duk abin da ya game gari ya haɗa mai laifi da marar laifi, bala'i ya fi dacewa da shi. Ranar 4 ga Mayu, 2002, jirgin saman kamfanin EAS ya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, bai yi nisa ba ya rikito a kan gidajen unguwar Gwammaja. Ga wanda yake zaune a ɗakinsa rufi ya rufto masa, wannan bala'i ne a zahiri, daga sama ya zo, bai san hawa ba bai san sauka ba. Masifa kuwa sau da yawa tana da mai ita: ana neman ta, ana tsokano ta, ana jawo ta da hannu biyu. Ana jawo bala'i ma, gaskiya ne, amma masu faɗin haka galibi zunubin jama'a suke nufi, wanda yake sa a saukar da shi. Ba hannun wani mutum guda da za a nuna suke nufi ba.

A wurin yabo kuma ba su da bambanci ko kaɗan. Yarinya tana da masifar kyau, shinkafa ta yi bala'in tsada, wane yana bala'in son Kano Pillars. Dattawa kan tsawatar, su ce a daina kiran masifa a kan abin alheri, matasa su ce to, su ci gaba.

Akwai ɗan'uwan bala'i da ya kamata a ambata, wato iftila'i, ko ibtila'i. Tushensu ɗaya, amma shi ya sa babbar riga ya shiga gidan rediyo. Mai karanta labarai ba ya cewa masifar gobara, sai iftila'in gobara, iftila'in ambaliya. Ina ganin dalilinsa: kalma ce mai ladabi, tana jajanta wa waɗanda abin ya shafa ba tare da ta nuna kamar fushin Allah ne ya hau kansu ba, abin da bala'i kan ɗauko a kunnen wasu. Tana kuma tuna musu lada idan sun yi haƙuri.

To amma a nan nake ɗan jan ƙafa. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, kamar yadda ya taɓa yi a 1994. Ruwan sama daga Allah ne, babu mai jayayya. Gyaran madatsa kuwa aikin mutane ne, masu ofis da kasafin kuɗi. Idan aka ce bala'i ko iftila'i aka yi shiru, an ba mai haƙuri abin riƙewa, an kuma ba mai sakaci wurin ɓuya. Idan aka ce masifa, kalmar ta fi kaushi, ba ta da kwarjinin 'yar'uwarta, amma tana barin ƙofa a buɗe a tambayi wanda ya jawo ta. Da zan je jaje unguwar Gwange a Maiduguri, iftila'i zan ce wa tsohuwar da ta rasa ɗakinta. Da zan tsaya gaban waɗanda aka damƙa wa madatsar, masifa zan ce, kuma da alama ita zan yi musu.