Toka, Kanwa da Lemun Tsami: Rarrabe Aya da Tsakuwa

Tun da tsadar sabulu ta sa iyayenmu mata suka koma neman abin wanke-wanke a cikin madafi, maganganu suka yawaita a gidajen biki da cikin wayoyin hannu, kowa da irin haɗin da yake wasawa, har ya zama wajibi a zauna a tace su, domin a cikinsu akwai sahihi, akwai mai rauni, akwai kuma wanda yake halaka ne tsagwaronta.

Masu cewa toka da kanwa suna cin maiƙo sun faɗi gaskiya, kuma kakanninmu sun riga mu sani. Hikimar ita ce, su biyun jinsi guda ne, kishiyar tsami, idan suka gamu da mai sai su narkar da shi har ruwa ya iya ɗauke shi, kuma a kan wannan asali ne ake dafa sabulun salo daga ruwan toka da mai. Duk wanda ya ga mace ta dangwali toka da soso ta murza gindin tukunyar da ta sha miyar manja, ta ɗauraye, maiƙon ya tafi, ba ya bukatar wata hujja. Illa dai kanwa tana dusashe tukunyar alminiyam, tana kuma busar da fatar hannu in an dawwama a kanta.

Haka nan lemun tsami da tsamiya da ruwan khal, aikinsu tabbatacce ne, amma a wani fage dabam, wato tsatsa da farin dattin nan da ruwan rijiya ke bari a cikin butar shayi. A raba lemo biyu, a dangwala a gishiri, a goga wa tasar tagulla da ta yi baƙi, kafin a ƙirga ɗari jan nan nata zai bayyana.

Inda kuskure ya shigo shi ne zaton cewa tara su wuri guda yana ninka ƙarfinsu. Mutum ya zuba khal a kan bekin soda ko kanwa, ya ga kumfa ta taso tana tsuwwa, sai ya ɗauka aiki ake yi, alhali kuwa wannan kumfa alama ce ta cewa tsami da kishiyarsa sun kashe juna, iska ta fice, abin da ya rage bai wuce ruwa da ɗan gishiri ba. A yi aiki da kowanne shi kaɗai.

Malamanmu na fiƙihu sun bambanta ruwan da ake al'ada da shi da ruwan da ake ibada da shi, suka ce wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ya jirkita da wani baƙon abu ba ya gusar da hukuncin najasa, ko da ido ya ga wurin fes. Irin wannan bambanci yana nan a likitanci, domin gusar da datti dabam, kashe ƙwayar cuta dabam. Khal na abinci, wanda tsaminsa kimanin kashi 5 ne cikin 100, ba abin dogaro ba ne a gidan da amai da gudawa suka shiga. A nan bilic ake bukata, a sirka shi da ruwa bisa umarnin ma'aikatan lafiya. Dogaro da kayan madafi wajen yaƙar cuta yana da haɗari, ba mu manta da watan Agusta na 2014 ba, sa'ad da jita-jita ta game Nijeriya cewa wanka da ruwan gishiri da shansa suna kare mutum daga Ebola, har aka yi asarar rayuka.

Mafi muni shi ne faɗar wasu cewa a ƙara wa bilic lemun tsami ko khal don banɗaki ya yi ƙal. Wannan haɗi yana fitar da iskar kulorin, wadda aka halaka sojoji da ita a Beljiyam a 1915, kuma a ƙuntataccen makewayi marar taga tana ƙona ido da maƙogwaro da huhu cikin ɗan lokaci. Ya ke uwargida, don Allah kada ki haɗa bilic da komai sai ruwa, kuma idan hakan ta auku bisa kuskure, ki fice da yaranki zuwa sarari, ki bar ƙofa a buɗe, in numfashi ya yi wuya a garzaya asibiti.