Hutun nutso a teku: Abin da ya kamata a duba kafin a zaɓi Dahab, Zanzibar ko Maldibs

Hotunan da kamfanonin shirya tafiye-tafiye ke sakawa a Instagram kusan duk iri ɗaya ne: ruwa garau, farin yashi, da wani mutum goye da tukunyar iska yana bin kunkurun teku a baya. Hoton ba ya faɗin watan da aka ɗauke shi, ko zurfin wurin, ko nisan da ke tsakaninsa da asibitin da zai iya ceton mai nutso idan abu ya ɓaci.

Waɗannan ukun ne ya kamata su yanke wa mutum shawarar inda zai sauka. Kyan otal ya biyo daga baya.

Wanda bai taɓa nutso ba sai ya fara da kwas. Ƙungiyar PADI, wadda aka kafa a Amurka a 1966, ita ce ta fi shahara wajen ba da katin shaida. Kwas ɗin farko kan ɗauki kwana uku zuwa huɗu, kuma sai ɗalibi ya nuna zai iya iyo na mita 200 ya kuma tsaya a saman ruwa minti 10. Mai wannan kati iyakarsa zurfin mita 18. Kati na gaba yana kai shi mita 30, nutson nishaɗi gaba ɗaya kuwa ba ya wuce mita 40.

Akwai dalilin waɗannan iyakoki. Tukunyar da mai nutso ke goyawa iskar da kowa ke shaƙa ce aka matsa a ciki, kuma kashi 78 cikin ɗari na wannan iska naitirojin ce. A zurfin mita 10 matsin da ke kan jiki ya ninka na doron ƙasa sau biyu, a mita 30 sau huɗu. Gwargwadon zurfi, gwargwadon naitirojin da ke narkewa cikin jini da tsoka. Idan mutum ya taso da gaggawa, sai ta zama kumfa a jikinsa, kamar lemon kwalba da aka girgiza aka ɓalle murfin. Abin kan fara da ciwon gaɓoɓi, yana kuma iya kaiwa ga shanyewar jiki. Maganinsa shi ne a saka mutum a ɗakin matsin iska na musamman, kuma ba kowane tsibiri ke da shi ba.

Dahab: sauƙi ga mai koyo, tarko ga mai ganganci

Ga mai farawa, da wuya a samu wurin da ya kai Dahab dacewa. Ƙaramin gari ne a yankin Sina'i na Masar, a gaɓar Bahar Maliya, kimanin awa ɗaya da 'yan mintoci a mota daga filin jirgin saman Sharm el-Sheikh. Yawancin wuraren nutsonsa da ƙafa ake shiga daga bakin ruwa, don haka babu kuɗin kwale-kwale, babu kuma jirin da igiyar ruwa ke sa wa baƙon teku. Ana nutso duk shekara, sai dai wajen Fabrairu ɗumin ruwan kan sauka zuwa digiri 21 ko 22. Wanda ya saba da zafin Sakkwato zai ji a jikinsa, sai da rigar nutso mai kauri. Sharm el-Sheikh tana da ɗakin matsin iska da ya daɗe yana aiki.

Amma a Dahab ɗin ne kuma ake da ramin nan da ake kira Blue Hole, mai zurfin kusan mita 100. A wajen mita 55 akwai wata kafa da ke ɓullewa zuwa buɗaɗɗen teku, kuma ƙoƙarin ratsa ta da tukunya ɗaya ya ci rayuka da dama. Sunayen wasunsu na nan a alluna jikin dutsen da ke bakin wurin. Gefen ramin na sama lafiya lau yake ga mai sabon kati, muddin ya tsaya a iyakarsa.

Daga Sharm el-Sheikh ake zuwa gandun Ras Muhammad, da kuma jirgin ruwan Birtaniya Thistlegorm da jiragen yaƙin Jamus suka nutsar a 1941, wanda ke kwance a zurfin kusan mita 30 da babura da motocin da ya ɗauko. Wannan na masu kati na biyu ne.

Masu son kwana a jirgin ruwa na mako guda su bincika tarihin kamfanin sosai. A Nuwamban 2024 jirgin Sea Story ya kife kusa da Marsa Alam, mutum 11 suka mutu ko suka ɓace.

Zanzibar da Maldibs: wata ne ke magana

A Zanzibar iska ce ke tsara shekara. Daga Disamba zuwa Maris iskar arewa da ake kira Kaskazi ke kaɗawa, daga Yuni zuwa Satumba kuma ta kudu, Kusi. Tsakaninsu, musamman Afrilu da Mayu, ruwan sama mai yawa ke sauka, wasu otal-otal ma kan rufe. Rangwamen da ake gani a waɗannan watanni yana da dalili.

Gefen tsibirin da mutum ya sauka shi ma abin lura ne. A gabas, wajen Paje da Jambiani, teku kan janye da nisa sau biyu a rana, sai kwale-kwale ya jira dawowarsa. Nungwi da ke can arewa ba ta da wannan matsala sosai, Matemwe kuma ita ce mafi kusa da tsibirin Mnemba, inda aka fi zuwa kallon murjani da kifaye. Pemba ta fi su kyau a idon ƙwararru da yawa, amma ruwanta na ja da ƙarfi, ba wurin koyo ba ne. Tun Oktoban 2024 dole ne baƙo ya sayi inshorar gwamnatin Zanzibar ta dala 44, kuma masu fasfon Najeriya sai sun nemi biza sun jira amincewa kafin su tashi.

Maldibs ta fi sauƙi ta wannan fuska, domin ana ba da bizar kwana 30 a filin jirgi. Ƙasar Musulmi ce, kuma tun 2009 aka yarda mazauna tsibirai su buɗe masaukin baƙi, abin da ya sa wurare irin su Maafushi suka zama mafita ga wanda aljihunsa bai kai na manyan otal ba. Ga masallaci kusa, ga abincin halal. Doka ta hana nutson nishaɗi wuce mita 30. Daga Disamba zuwa Afrilu ruwa ya fi haske. Sai dai ƙasar tsibirai ce sama da 1,000 a warwatse, saboda haka tambayar awa nawa ake yi kafin a kai ɗakin matsin iska, irin wanda ke tsibirin Bandos kusa da babban birnin Male, ta fi muhimmanci a nan.

Wani abin da kan ba mutane haushi: mashigin Hanifaru, inda manyan kifayen manta ke taruwa daga wajen Yuni zuwa Nuwamba, an hana shiga da tukunya. Iyo a saman ruwa kawai aka yarda.

Tsibirin Koh Tao na Tailan ya yi suna wajen arhar kwas, amma ba shi da filin jirgin sama, sai an hau jirgin fito, kuma Nuwamba damina ce a can.

Lafiyar jiki da ranar dawowa

Kowace makarantar kirki za ta miƙa wa ɗalibi takardar tambayoyin lafiya kafin ya taɓa ruwa. Asma, farfaɗiya da ciwon zuciya duk suna buƙatar sa hannun likita, mai juna biyu kuwa ba ta nutso. Ciwon sikila, wanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da shi, yana cikin waɗanda likitocin nutso ke hanawa. Gara a yi wannan magana da likita a gida kafin a sayi tikiti. Makarantar da ba ta tambaya ba, ko wadda babu tukunyar oksijin ta gaggawa a kwale-kwalenta, ba wurin kai rai ba ce komai arharta. Inshorar tafiya ta gama-gari ma sau da yawa ba ta biyan kuɗin jinyar nutso, sai an karanta sharuɗɗanta.

Ranar ƙarshe ta hutu ba ranar nutso ba ce. Ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso ta ba da shawarar a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya kafin hawa jirgin sama, awa 18 idan an yi kwanaki ana yi, makarantu da yawa kuma kan ce a cika awa 24. Hawa dutse mai tsawo hukuncinsu ɗaya. Baƙin Dahab da yawa kan so su ziyarci Dutsen Ɗuri Sina, mai tsawon mita 2,285, da dare don ganin fitowar rana. Mai wannan niyya ya sa ziyarar a farkon tafiya, kafin ya shiga ruwa, ko kuma ya ware mata kwana guda cur bayan nutsonsa na ƙarshe.